Sunan da Babu a Jikin Kuros

Ruwan garin nan ba ya sallama. Mutum na zaune da la'asar, rana na ƙwallewa, sai kawai ya ji ya kece. A can gida, a da, ruwa yakan aiko kafin ya zo: iska ta juya, kaji su nemi gindin rumbu, ƙasa ta fara ƙamshi, mata su fito a guje suna kwashe shanya suna ƙwala wa yara kira. Nan unguwar Taman Melati kuwa, a ƙasar mutanen Malay, a hawa na goma sha huɗu inda ɗana ya ajiye ni, ba kaza, ba rumbu, ba ƙasar da za ta yi ƙamshi. Sai dai in ja kujerata bakin baranda in yi ta kallon jirgin ƙasansu yana wucewa a kan gada, sumul, ba hayaƙi ba kuka. Ni dai ban san yadda aka yi ake kiran wannan abu jirgi ba. Amma shi nake kallo kullum, don ba wani aikin da aka bar min, ko cokali na ɗauka sai surukata ta ce, "Hajiya, ki huta mana."

A irin wannan yammacin ne ɗana ya dawo daga jami'ar da yake koyarwa, kafaɗar rigarsa a jiƙe, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo min wayarsa. Abba nake ce masa tun yana zanin goyo, ga shi yau furfura ta cika masa gemu.

"Hajiya, ga garinku an turo. Hanya ake faɗaɗawa, kuros ɗin nan na bakin tasha suka ture."

Na matso da wayar kusa da idona. Katafila ce ruwan ɗorawa, ta sa haƙoranta a gindin dutsen, ta ɗan ja baya, ta sake tahowa. Ya yi tangaɗi sau ɗaya, ya kwanta, yara na ihu suna tsalle. Duka-duka abin bai kai shan kofin shayi ba.

"Ni dama ban ga amfaninsa gare mu ba," in ji Abba, yana kwance agogonsa. "Shekarun baya da na bi ta garin, na tsaya na karanta sunayen kaf. Har wani mai suna irin na Baffanki na gani, amma na kakanmu babu. Mutum ya je ya mutu musu a yaƙi, ko suna ba su rubuta ba."

Na ce, "To." Na mayar masa da wayarsa. Amma tsoro ne ya kama ni, ba komai ba. Ni kaɗai na rage a duniya da na san abin da ya sa sunan ubana babu a dutsen nan. In na tafi da shi a ciki, shi ke nan, jikokinsa za su rayu suna cewa mantawa aka yi da shi. Kuma in zan ba da labarin yadda ya kamata, sai na ambaci sunan da bakina bai taɓa ambata ba.

Garin da na tashi garin tasha ne. Abin da na fara sani a duniya kukan jirgi ne, tun kafin in san muryar mutane. Ba mai agogo a unguwarmu, da kunne muke sanin lokaci. Ladan zai fara, can sai jirgin kudu ya yi kuka a kan gada, dogon kuka mai shiga har cikin ƙashi, sannan ƙararrawar cocin mishan ta amsa, sannan taɓare su ɗauka gida-gida, lugude na tashi ta bayan kowace katanga. Da hantsi sai gudumar maƙeran loko, inda ake gyaran kawunan jirage, da kiran masu rake, da yaren mutanen kudu masu aikin reluwe yana cakuɗuwa da namu a bakin famfo. Har yau in na rufe ido nakan ji ƙamshin gawayin jirgi haɗe da na man gyaɗa, in ga tururi yana kwantawa a kan dogo fari fat, mutane na fitowa daga cikinsa da akwatuna a ka kamar daga sama suka sauko. A nan ƙofa kawai ke buɗewa ta rufe, kowa kansa a sunkuye kan waya, ba mai raka wani, ba mai taryen wani.

Kuros ɗin yana tsaye a fili tsakanin tasha da kasuwa. Farin dutse ne mai siffar gicciye, tsayinsa ya kai mutum uku, da matakala uku a gindinsa, da takobin tagulla manne a ƙirjinsa wanda damina ta mayar kore. Turawa suka kafa shi bayan yaƙin Boma, don mazan ƙasarmu da suka hau jirgi a wannan tasha ba su dawo ba, Musulmi da Kirista da masu gargajiya, duk sunayensu a sassaƙe a dutse ɗaya. Mu dai Kuros muke ce masa. A Kuros ake haɗuwa, a Kuros ake jiran baƙo, a Kuros ake cigiyar akuya in ta ɓata. Sau ɗaya a shekara tsofaffin sojoji kan zo da lambobinsu a ƙirji, wani ba hannu, wani da sanda, a busa begila, sai garin ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a nan da ake rufe tagogi da gilashi. Har tantabarun tasha sai ka ji fukafukansu.

A gindin Kuros kakata, mahaifiyar ubana, take suyar ƙosai. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, Kaka nake ce mata. Kafin ta hura wuta sai ta share matakalar nan tas, ni kuma in ɗebo ruwa a tulu, mu wanke gindin dutsen da soso da toka. Daga nan sai ta sa yatsa tun daga sama tana ƙirga layukan rubutun, in ta kai na goma sha ɗaya ta tsaya, ta ciro tsinken tsintsiya tana sakace dattin da ya shiga ramukan baƙaƙen, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai yi wa jariri wankan kunne. Daga ni har ita ba mai karatun boko. Na san dai ubana ya tafi yaƙi ina ciki, can ya mutu, don haka na ɗauka layinsa ne, ban kuma tambaya ba. Wani malami ya taɓa tsayawa a kanmu ya ce, "Haba Iya, Musulma da hidimar gicciye?" Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ka taɓa ganin na kai goshi ƙasa a nan? Wurin sana'ata nake sharewa. Ƙosan nawa za a ba ka?" Ya kuwa saya ya wuce.

Mu huɗu ne a gida: Kaka, da Inna mahaifiyata, da ni, da Baffa ƙanen ubana, wanda shi ya riƙe ni. Inna mace ce marar magana, kullum tana gindin zogale da mazarinta tana kaɗi. Baffa kuwa siriri ne mai yawan tari, ɗinki yake yi a kasuwa, duk garin Tela suke ce masa, ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Daga gidanmu zuwa rumfarsa hanya miƙaƙƙiya ce ta gaban Kuros, amma shi sai ya zaga ta bayan loko, ya tsallake dogo biyu, ya ɓullo ta wajen mahauta. Ni a wautata na zaci son kallon jirgi yake yi.

Ina da wata ƙawa, 'yar akawun reluwe, mai zuwa makarantar mishan. Wata rana da azahar, Kaka ta riga ta tafi gida ta bar ni da wanke kasko, sai ga ƙawar nan da jakar allonta, tana ta ƙafafa wai ta iya karatu. Ta hau matakala tana karanto sunayen da ƙarfi kamar mai kiran fasinja. Na ce, "In kin isa, karanta min na sha ɗaya." A raina na ce yau zan ji sunan ubana. Ta ƙirga, ta karanta. Sunan Baffa ne, cikakke, har da sunan ƙauyenmu na asali a ƙarshe. Na ce ta sake. Ta sake, shi ne dai. Yarinta ba ta da hankali, wallahi. Dariya ce ta kama ni. Na bar kasko a nan na kwasa a guje, na faɗa gida ba sallama, na tarar da Baffa ya dawo cin abincin rana, na ce, "Baffa! Baffa! Ashe ka mutu ba ka gaya mana ba!"

Mazarin Inna ya faɗi ya gangara har bakin rijiya, ba wanda ya bi shi. Kaka ta tsaya da ƙwarya a hannu. Baffa ya dubi lomar da ya ɗauko, ya mayar da ita cikin akushi, ya wanke hannu, ya kama wuyan hannuna muka fita. Ta miƙaƙƙiyar hanya muka bi.

A matakala ta biyu ya zauna, ya ba rubutun baya. Ya ce, "Shekarar da aka zo neman soja, an ce dagacinmu ya ba da mutum daga kowace unguwa. Sunana aka rubuta. Ina ɗan saurayi, ga tarin nan tun lokacin. Ranar da aka tara mu a ƙofar dagaci aka kira ni, na yunƙura zan tashi, sai Yaya ya danne min kafaɗa, ya miƙe ya fita gaba. Baturen bai san fuskar kowa ba. Dagaci ya kau da kai. Innarki tana da cikinki wata huɗu." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. Ya ce da an gane, da shi da dagaci duk gidan yari za su, shi ya sa suka bar ƙauye. Kaka kuma ta ce ba inda za ta zauna sai inda jirgi zai sauke ɗanta. Jirgi ya yi ta sauke 'ya'yan wasu. Daga baya wani soja da suka tafi tare, wanda ya san sirrin, ya zo ya kama yatsan Kaka ya ɗora a kan layin.

Na ce, "To shi, mene ne sunansa?"

"Yaya nake ce masa."

"Na ji Yaya. Sunansa na yanka nake tambaya."

Ya ce, "Da sunana ya rayu a can, da sunana aka binne shi. Ni kuma ina nan ina cin tuwo. Da wane bakin zan kama nasa?"

Na koma gida na tambayi Inna. Ta zaro ido ta ce, "Ke, ba ki da kunya? A ina kika taɓa jin mace ta kama sunan mijinta?" Na je wurin Kaka. Ta ce, "Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kira ba, sai yanzu da ba ya nan zan fara?" To, ka ji fa. Mutum uku da suka fi kowa sonsa a duniya, kowa da abin da ya ɗaure masa harshe, garin kuma ba wanda ya san shi. Na ji haushinsu ƙwarai, haushi mai sa kuka. Na ce a raina, ni in na girma, duk ranar da zan ba wani labarin nan, ba zan ce "shi" ko "wancan" ba, da sunansa zan kira shi. Na koma yi wa Kaka dabara: tana suya ina gefe ina jero sunayen maza ɗaya-ɗaya, ina satar kallon fuskarta ko za ta motsa. Ina! Sai ta bari na gaji, ta ce, "In kin gama kiran samarin gari, miƙo min ƙullun nan." Wanke dutsen kuwa ba mu fasa ba. Na taɓa ce mata ai ba sunansa ba ne, me muke wankewa? Ta ce, "Nan dai aka ajiye min shi."

Shekaru suka tafi, aka yi min aure a wani gari, tasha biyu daga namu. Da na haihu, ana gobe suna sai ga Baffa ya sauka daga jirgi da ƙullin goro, Kaka da Inna na biye, Kaka ta ranƙwafa sai da sanda. Baffa ya shige zauren surukina, suka daɗe, ina jiyo tarinsa daga ɗaki. Washegari da sassafe mata sun cika ɗakin, hayaƙin turare ya tokare rufi, jaririn yana cinyar Kaka. Muka ji an shafa fatiha a waje, sannan muryar sanƙira ta haura katanga da sunan yaro. Mata suka ɗauki guɗa. Ni Kaka nake kallo. Matar da aka ce ko ranar da labarin mutuwa ya zo ba ta zubar da hawaye a gaban mutane ba, sai ta kifa fuskarta a kan jaririn, kafaɗunta na rawa. Inna ta ja mayafi ta rufe kai ta fice. A nan na gane. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, kuma kafin guɗa ta lafa na gane ɗaya abin: yaron nan ɗan farina ne, ga shi da sunan ubana. Kunya biyu ta hau kan suna ɗaya. Kaka ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "To, kin ji. Sai ki riƙe." Da za su koma, Baffa ya leƙo ya ce min a hankali, "Ni na faɗa wa liman, da bakina." Yaron bai fara tafiya ba Baffa ya rasu.

Na riƙe kuwa. Abba na sa masa, kowa ya bi. Ya girma ya san sunan kakansa ya ci, iyakar abin da ya sani ke nan. Sau nawa na buɗe baki zan ba shi labarin, sai in tuna alkawarin da na yi wa kaina, in tuna kunyar da aka raine ni a cikinta, in ce bari sai wani jiƙon, ai dutse na nan, yana riƙe da rabin maganar. Kaka ta tafi, Inna ta tafi, maigidana ya tafi, kafin in farga na wayi gari a ƙasar da sunan nan ya zama ruwan dare. Yana manne a ƙofar ofishin Abba. Mai kawo saƙo yakan tsaya a bakin ƙofa ya rangaɗa shi da harshen Malay, ya karya shi yadda ya ga dama. Jikata, wadda in na yi mata Hausa take mayar min da Turanci, sai ta ɗaga waya ta faɗa wa direban mota sunan ubanta gatsau, kamar tana kiran sa'anta. Na taɓa yi mata faɗa, ta yi dariya ta ce, "Kaka, suna ne kawai lah," da "lah" ɗin nan da mutanen nan ke liƙa wa ƙarshen kowace magana. Ban ga laifinta ba, haka ta tarar. Kowa na faɗa, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ni da na sani, na kasa.

Kwana uku bayan na ga Kuros a ƙasa, ban ci abincin kirki ba. Ina zaune a baranda jirgi na wucewa, ni kuwa ina can bakin tasha, ina jin sanyin ruwan tulu a wuyana, ina ganin yatsan Kaka yana sauka layi-layi. Ko ina suka kai gutsattsarin, oho. Wataƙila an cike rami da su, motoci na bi ta kai. Na gwada sunan a cikin baki, ba murya. Harshena ya yi nauyi, kunya ta rufe ni kamar an ce in fita kasuwa ba ɗankwali. Na ce wa kaina, ke tsohuwa, Kaka ta mutu ba ta kira ɗanta ba, Inna ta mutu ba ta kira mijinta ba, ke ma haka za ki bi su? Baffa mai tari ma ya iya sau ɗaya.

Rana ta huɗu da safe gari ya yi wasai. Jikata ta riga ta fita. Abba na bakin ƙofa yana sa takalmi, jakarsa a kafaɗa, matarsa na tsaye riƙe da kular abincinsa. Ya ɗago murya ya ce, "Hajiya, na tafi. In taho miki da roti, gurasar nan tasu, daga shagon mamak, masu shayin nan?"

Na dafa hannun kujera.

"Haruna."

Murfin kular ya suɓuce daga hannun surukata ya yi ƙara a kan tayil. Shi kuwa ya tsaya, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ya waiga bayansa kamar mai neman wanda ake kira. Sannan ya dube ni. Na ga jakar ta zame daga kafaɗarsa, na ga mutum mai furfura ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce da wata ƙaramar murya da rabona da ita tun yana yaro, "Na'am, Hajiya."

Hawaye suka zubo min, ban share ba. Na haura tamanin a duniya, sai yau na kira ubana aka amsa.

Na ce, "Cire takalmin ka zo ka zauna. Yau za ka makara."